Kifin ado na teku: Abin da ya sa yake mutuwa a hannun masu saye

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban akwatin gilashin da ake kiwon kifin teku a ciki, a otal ko a wani babban kanti, ya san yadda abin ke ɗaukar ido. Ga shuɗi, ga mai ruwan ɗorawa, ga mai ratsin fari da ruwan lemo, suna kai da komo tsakanin duwatsu.

Sai dai wannan kifi yana cikin dabbobin da suka fi wuyar riƙo a gida. Da yawa kan mutu cikin makonnin farko bayan an saye su, kuma galibi tun ranar ciniki ake yin kuskuren da ke kai su ga halaka: an zaɓi nau'in da ba ya jure zaman akwati, ko an sayi wanda ya riga ya jikkata a hanya, ko an zuba shi a ruwan da bai shirya karɓarsa ba.

Kasuwar ba ƙarama ba ce. Wani rahoto da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2003 ya ƙiyasta cewa ana cinikin kifayen ado na teku miliyan 20 zuwa 24 a kowace shekara, daga nau'i 1,471. Amurka ce kan gaba wajen saye, sai ƙasashen Turai da Japan.

Daga gindin teku zuwa kanti

Kifayen ado na ruwan daɗi, wato irin na kogi da tafki, kusan duk a gonakin kifi ake ƙyanƙyashe su. Na teku kuwa mafi yawansu kamo su ake yi daga inda suke rayuwa, a tsakanin duwatsun murjani na wurare masu ɗumi. Indonesiya da Filifins ne suka fi fitar da su. Akwai kuma Siri Lanka da Kenya da wasu ƙasashen gaɓar Bahar Maliya.

Masunci kan nutsa da ƙaramar koma ya kamo kifin da rai. Daga hannunsa sai dillalin ƙauye, sai mai fitarwa waje a Jakarta ko Bali ko Manila, sai jirgin sama, sai babban dila a birni irin Los Anjalis, sannan kanti.

Kafin a ɗora kifin a jirgi akan hana shi abinci na kwana ɗaya ko biyu don kada kashinsa ya ɓata ruwan. Sai a saka shi a leda da ruwa kaɗan, a hura iskar oksijin, a ɗaure. Yana iya shafe kwana ɗaya zuwa biyu a haka. Kowane zango yana rage masa ƙarfi, shi ya sa kifin da ya sauka jiya a kanti yake cikin mafi raunin halinsa.

Gubar da ba a gani

Tun shekarun 1960 wasu masunta a Filifins suka fara kama kifin ado da gubar sayanayid, daga baya al'adar ta bazu zuwa Indonesiya. Ana narka ƙwayar gubar a gorar roba, a fesa ta cikin ramukan duwatsu. Kifin ya fito a sume, a ɗauke shi ba wahala.

Dokokin ƙasashen biyu sun haramta wannan, kuma dokar Lacey ta Amurka ta hana shigo da duk dabbar da aka kama ta hanyar karya dokar ƙasarta. Amma tabbatar da laifin yana da wuya, domin kifin kan farfaɗo ya yi kyau a ido, alhali gubar ta taɓa hanta da sauran kayan cikinsa. Sai bayan kwanaki ko makonni ya daina cin abinci, ya mutu a gidan wanda ya saya.

Gubar tana kuma kashe murjanin da aka fesa wa, wanda shi ne gidan kifayen. Masuncin da ya samu na cefanen yau ta wannan hanya ya rage abin da shi da 'ya'yansa za su kamo gobe.

Ruwa ake kiwo kafin kifi

Teku wuri ne da yanayinsa ba ya saurin canzawa. Gishirinsa da ɗuminsa kusan iri ɗaya ne yau da gobe, don haka kifin da ya tashi a cikinsa bai saba da sauyi ba. Tarwaɗa na iya jure ruwan kududdufi, wannan kuwa ɗan canji kaɗan ya ishe shi ciwo.

A kowace lita ta ruwan teku akwai gishiri kimanin giram 35. Ke nan akwati mai cin lita 200 yana buƙatar kusan kilo 7 tun zubin farko. Gishirin miya ba ya yi. Akwai na musamman da ake haɗawa da sinadarai irin su kalsiyam da maganiziyam. Shi ma ruwan sai an tace shi, domin sinadarin kulorin da ke cikin ruwan famfo yana kashe kifi.

Wani abin da sababbin shiga kan manta shi ne, idan zafi ya ƙafar da ruwan akwati, ruwa ne ya tafi, gishirin yana nan. Don haka da tataccen ruwa marar gishiri ake cike gurbin. Wanda ya ƙara ruwan gishiri zai wayi gari gishiri ya yi yawa.

Sai maganar kashin kifi. Yana fitar da sinadarin amoniya, wanda guba ne ko da kaɗan ne. Wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zama a jikin duwatsu da yashi su ke juya shi zuwa nitirait, shi ma guba, sannan wasu su mayar da shi nitiret, wanda cutarwarsa ba ta kai ta farko ba. Kafin waɗannan ƙwayoyi su yawaita a sabon akwati akan ɗauki mako huɗu zuwa shida. Wanda ya sayi akwati da kifi rana ɗaya ya tsallake wannan mataki, kuma kifin ne zai ɗanɗana kuɗarsa. Sauri dai ya haifi nawa.

Ko bayan akwati ya nuna, ana son a riƙa sauya kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na ruwan duk bayan mako biyu, a kuma riƙa gwada shi da kayan gwaji. Babban akwati ya fi ƙarami sauƙin riƙo, domin ruwa mai yawa ba ya saurin lalacewa.

Zafi da wutar lantarki

Kifayen murjani sun fi son ɗumin ruwa tsakanin digiri 24 zuwa 27 a ma'aunin Salshiyos. Idan ya haura 30 ya daɗe a haka, sukan fara galabaita. Ruwan zafi ba ya riƙe iskar oksijin sosai, kuma ruwan gishiri tun asali bai kai na daɗi riƙe ta ba.

Wannan ne babban ƙalubale ga duk mai sha'awar abin a garuruwa irin Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai, inda zafin bazara kan wuce digiri 40. Dole sai da na'urar sanyaya ruwa ko ɗaki mai sanyi dare da rana.

Injin da ke juya ruwan kuwa ba ya hutu. Idan aka ɗauke wuta na wasu awanni a akwatin da ke cike da kifi, iska na iya ƙarewa. Wanda ba shi da sola ko batirin ajiya da zai riƙe injin har gari ya waye, gara ya dakata da sayen kifi har sai ya tanada.

Kyawawan da ba sa jure zaman akwati

Wasu nau'o'in da suka fi kyau su ne suka fi saurin mutuwa, kuma dalilin yawanci abinci ne.

Kifin da ake kira Moorish idol, mai ratsin baƙi da fari da ruwan ɗorawa da doguwar tuta a baya, yana cin wasu halittu masu kama da soso da ke manne a duwatsun teku. A akwati yakan ƙi abinci har ya rame.

Kifin mandarin, ɗan ƙarami mai zane kamar atamfa, yini yake yana tsintar wasu ƙananan ƙwarin ruwa masu rai. Sabon akwati ba shi da su, sai wanda ya daɗe ya kuma cika da duwatsu.

Akwai wani ɗan siririn kifi da aikinsa tamkar na wanzami ne: manyan kifaye kan zo su tsaya ya tsince musu ƙwari da mataccen fata. Idan aka cire shi daga teku an bar kifayen wurin ba mai yi musu wannan hidima, shi kuma sau da yawa ba ya samun isasshen abinci a akwati.

Wasu daga kifayen da ake kira malam-buɗe-littafin teku kuwa naman murjani mai rai kawai suke ci, abin da kusan ba mai iya samar musu a gida.

Fim ɗin Finding Nemo na 2003 da Finding Dory na 2016 sun sa yara a duniya sun san nau'i biyu. Na farko, mai ruwan lemo da ratsin fari, yana da juriya, ana ƙyanƙyashe shi a gona tun shekarun 1970, kuma yana iya rayuwa fiye da shekara goma idan ya samu kulawa. Na biyu, tang shuɗi, yana kai tsawon santimita 30, yana buƙatar akwati mai ɗaruruwan lita, kuma yana saurin kamuwa da cuta.

Abin dubawa kafin a biya kuɗi

Masu daɗewa a harkar suna da ƙa'ida: kada a sayi kifin da ba a ga ya ci abinci ba. A nemi mai kanti ya zuba abinci a gaban mai saye. A tambayi yaushe kifin ya iso, a fifita wanda ya yi mako ɗaya ko biyu a kantin.

A duba ciki da bayan kai, idan sun lotsa alamar yunwa ce. A duba ido ko ya yi hazo, da numfashi ko yana sauri, da fata ko akwai fararen ɗigo kamar barbashin gishiri. Kifin da ke goga jikinsa da dutse shi ma abin zargi ne. Idan farashi ya yi sauƙi fiye da ƙima, a tuna araha ba ta ado.

Bayan an kai gida, ba a juye ruwan leda cikin akwati. Idan kifin ya yi doguwar tafiya, da zarar an buɗe ledar amoniyar da ta taru a ciki tana ƙara zama guba, don haka ba a barinsa ya daɗe a wannan ruwa.

Sabon kifi kan fara zama a wani ƙaramin akwati na daban har kusan mako huɗu. Cutar fararen ɗigo, da wata mai kama da ƙura a fata wadda ta fi ta saurin kisa, suna iya shafe duk kifayen akwati daga baƙo ɗaya. A akwatin keɓewa ne ake ba da magani mai sinadarin jan ƙarfe, domin a babban akwati zai kashe murjani da jatan lande da dodon koɗi.

Abin da ciniki ke yi wa teku

Zaɓin mai saye yana da tasiri har can inda aka kamo kifin. Kadinal na Banggai misali ne. A wasu 'yan tsibirai na Sulawesi a Indonesiya yake da asali, kuma ƙwai kaɗan yake yi, wanda namijin ke riƙewa a bakinsa har su ƙyanƙyashe. Ya shiga kasuwa a tsakiyar shekarun 1990, zuwa 2007 ƙungiyar IUCN ta saka shi cikin jerin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa.

A Hawayi, wadda ta daɗe tana fitar da tang mai ruwan ɗorawa, kotun ƙolin jihar ta yanke hukunci a 2017 cewa sai an yi nazarin illa ga muhalli kafin a ba da izinin kamu. A Janairun 2021 wata kotu ta dakatar da kamun na kasuwanci gaba ɗaya, farashin kifin kuma ya ninka sau da dama.

Akwai ci gaba a ɓangaren ƙyanƙyasa. A 2015 masu bincike a Hawayi suka yi nasarar renon tang mai ruwan ɗorawa daga ƙwai, a 2016 kuma takwarorinsu na Jami'ar Fulorida suka yi haka da tang shuɗi. Kifin gona yakan fi tsada a wasu lokuta, amma ya saba da abincin gwangwani, bai sha guba ba, kuma ba a ɗebe shi daga teku ba.

Wanda ya gaji da kiwo kuma kada ya saki kifin a ruwan da ba nasa ba. Kifin zaki mai ƙayoyi masu dafi, ɗan asalin tekun Indiya da Fasifik, an fara ganinsa a gaɓar Fulorida a 1985, kuma masana sun fi danganta hakan da masu kiwo da suka sake shi. Yanzu ya mamaye tekun Karibiyan yana cinye ƙananan kifayen yankin.

Ga mai son farawa, tsarin da ya fi tsira shi ne ya tanadi wuta da sanyi, ya haɗa ruwa ya jira ya nuna, sannan ya fara da nau'i mai juriya da aka haifa a gona, ɗaya ko biyu. Idan yanayin gidansa bai ba da dama ba, kifayen ado na ruwan daɗi sun fi sauƙin kuɗi da ɗawainiya. Dabbar da aka tsare a akwati ba ta da hanyar neman abinci ko iska sai abin da mai ita ya ba ta, don haka haƙƙinta yana wuyansa tun daga ranar da ya biya kuɗi.