Ma'ajin Da Ba Ya Riƙe Ko Kwabo

Ya ku malamai da attajirai masu karatun wannan shafi, an sha tambayarmu labarin wata sana'a da yaran zamani suke ambata, iyayensu kuwa su yi shiru, don ba su san ko za su sa albarka ko za su hana ba. Yaro ya gama jami'a, a ce da shi ga rumfa a kasuwa ya zo ya kama, sai ya ce shi yana so ya zama mai kula da rumbun bayanai a kamfanin da ke ciniki ta intanet. Uba ya tambaye shi me ake sayarwa a wannan rumbu, ya ce ba a sayar da komai. To, me ake ajiyewa? Ya ce rubutu. Daga nan sai zance ya tsaya.

Gaskiya ce yaron ya faɗa, sai dai bai iya bayani ba. Kowane attajiri yana da littafinsa: wa ya karɓi kaya, wa ya biya, wa ake bi, dila nawa ta rage a sito. In littafin nan ya ɓace ko aka yi masa ha'inci, dukiya ta tafi ko da kayan suna nan jibge. Malamai kuwa ba sai an tuna musu ba, ayar da ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, watau ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, da sharaɗin marubuci ya yi adalci. Sayyidina Umar kuma, Allah Ya yarda da shi, da dukiyar Musulmi ta yawaita a zamaninsa, diwani ya kafa aka rubuta sunayen masu rabo. Rumbun bayanai wannan littafi ne da wannan diwani, an zuba su cikin kwamfuta. Mai kula da shi kuwa shi ne ma'aji, ko da yake ba ya taɓa ko kwabo da hannunsa.

Asalin tsarin da aka fi bi, wani Bature ne mutumin Ingila, Edgar Codd, yana aiki da kamfanin IBM a Amurka, ya fito da shi a shekarar 1970. Ya ce a raba bayani jadawali-jadawali: na masu saye dabam, na kaya dabam, na ciniki dabam, kowane mutum da kowane kaya a ba shi lamba tasa, sa'an nan lambobin su riƙa haɗa jadawalin nan da wancan. Amfanin haka shi ne a rubuta kowane abu sau ɗaya tak. In mai saye ya sake gida, wuri ɗaya za a gyara, ba sai an bi takarda ɗari ba. Daga baya aka ƙago harshen da ake yi wa rumbun tambaya da shi, ana kiransa SQL, kamfanin Oracle kuma ya fara sayar da irin wannan rumbu a 1979.

Bari mu ɗauki kanti ɗaya mu bi labarinsa, domin a nan ake ganin nauyin aikin. Jeff Bezos ya kafa Amazon a 1994 a yankin Siyatil ta Amurka, ya buɗe ciniki a watan Yuli na 1995, littattafai kawai yake sayarwa. Cinikin shekarar farko dala 511,000 ne. A 1996 ya kusa miliyan 16, a 1997 ya kai wajen miliyan 148, a 1998 miliyan 610, a 1999 ya haura biliyan ɗaya da rabi. Attajiri ya dubi wannan lissafi da idon basira. Wane akawu ne littafinsa zai ɗauki ciniki mai ninkuwa haka, alhali ba a rufe kantin dare ko rana balle a ce a dakata a sayo sabon littafi? Wannan ita ce wahalar ma'ajin kantin da ke girma da sauri: gyaran jirgi yake yi, jirgin kuwa yana tsakiyar kogi da mutane a ciki.

Abu na farko da ke wuyansa shi ne kada lissafi ya yi ƙarya. A ce agogo ɗaya ya rage a sito, mutum biyu a garuruwa biyu suka danna saye cikin ƙiftawar ido ɗaya. Tilas rumbun ya riƙe ɗaya ya sallami ɗaya, in ba haka ba an sayar da abin da babu, malamai kuwa sun san hanin da ya zo a kan wannan. Ko kuma a ce an cire kuɗin mutum, kafin a rubuta masa kayansa wuta ta ɗauke. Ƙa'idar da aka kafa ita ce ciniki ko dai ya cika duka ko a warware shi duka, babu rabi. Dabarar kuwa, rumbun yana da wani ɗan littafi na gefe, yakan fara rubuta abin da ya yi niyyar yi a ciki tukuna, kana ya taɓa babban littafi. In wuta ta dawo sai ya duba na gefen, ya ƙarasa abin da ya kammala, ya soke abin da ya tsaya a hanya. Injin ne ke yin wannan, amma ma'aji ne ke tsara shi, shi ne kuma ake tasa daga barci in ya cije.

Na biyu sauri. Wanda ya taɓa neman kalma a Alƙur'ani da Mu'ujamul Mufahras na Muhammadu Fu'ad Abdulbaƙi ya san bambancin mai fihirisa da marar ita. Haka rumbu yake. In babu fihirisa, sai injin ya karanta layi miliyan kafin ya samo sunan mutum ɗaya, mai saye kuwa ba ya jira, kanti na gaba yana nan kusa da yatsansa. Amma fihirisa tana da kuɗinta, domin duk sabon ciniki da ya shigo sai an gyara kowace ɗaya daga cikinsu, in suka yi yawa rubutu ya yi nauyi. Sanin inda za a sa da inda za a bari, nan ake gane gwani, kuma ba a koyonsa a wata uku.

Na uku, kuma a ganinmu shi ne uwar aikin, ajiye nusha. Kowace rana ana kwafe rumbun a kai wani wuri dabam, har wani gari dabam, saboda gobara ko ambaliya ko kuskuren ɗan Adam. Ga abin da ya faru a ranar 31 ga Janairu, 2017, a wani kamfani mai suna GitLab. Ba kantin kaya ba ne, amma darasinsa ya game duk masu wannan sana'a. Wani ma'aikacinsu yana gyara da dare, a gajiye, ya yi nufin share rumbu na biyu don ya sake cika shi, ashe a kan na ainihi yake. Kafin ya farga ya tsayar, daga wajen gigabait 300 abin da ya rage bai kai 5 ba. Aka ce to, a ɗauko nusha. Suna da hanyoyin ajiya har biyar, aka duba, babu wadda ta yi abin da aka zata tana yi. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka da hannu awa shida kafin haɗarin, aikin awa shidan nan kuwa ya tafi ke nan. Sai dai a yaba musu abu guda, ba su ɓoye ba, sun bayyana wa duniya yadda aka yi dalla-dalla. Almajirin da ya rubuce littafi bai zauna da malaminsa sun yi muƙabala da asali ba, bai san ko littafi ne a gafakarsa ko tarin kurakurai ba. Nushar da ba a taɓa gwada mayar da ita ba haka take.

Mu koma ga Amazon. A lokacin cinikin Kirsimeti na 2004 rumbunansu na Oracle suka kasa ɗaukar kaya, kanti ya yi ta tsayawa a kwanakin da ya fi kowane lokaci ciniki. Werner Vogels, mutumin Holan, babban jami'in fasaha na kamfanin, ya ba da labari daga baya cewa suna da ƙwararrun ma'aja, ba rashin iyawa ba ne, kayan ne suka fi ƙarfin jakin. Da suka bincika sai suka tarar wajen kashi 70 cikin ɗari na tambayoyin da ake yi wa rumbun masu sauƙi ne, a ba da lamba ɗaya a karɓi layi ɗaya, ba su bukatar duk wannan haɗe-haɗen jadawali. Sai suka gina nasu, suka sa masa suna Dynamo, suka buga bayaninsa a 2007.

Akwai wata hikima ta 'yan kasuwa a cikin ginin nan da ta cancanci a tsaya a kanta. Kwandon da mai saye yake zuba kaya kafin ya biya, sun yanke shawara kada a taɓa hana shi zubawa, ko da wasu injinan sun mutu ko hanya ta yanke tsakaninsu. In daga baya aka sami kwafi biyu na kwando ɗaya sun saɓa, sai a gama su wuri guda. Illar haka ita ce wani lokaci abin da mutum ya cire yakan sake bayyana a kwandonsa. Suka ce sun yarda, gara mai saye ya sake cire abu da hannunsa da a ce abin da ya zaɓa ya ɓace. Amma wannan sassauci na kwando ne, ba a yin sa a lissafin kuɗi. Ma'aji na ƙwarai shi ne wanda ya san wane littafi ne yake jure ɗan saɓani na ɗan lokaci, wane ne kuma ba ya jurewa ko na daƙiƙa.

Yanzu ga tambayar da uba ya fi damuwa da ita: sana'ar tana da ɗorewa? A watan Oktoba na 2019 Amazon ta sanar cewa sashenta na ciniki ya kashe rumbun Oracle na ƙarshe. Rumbuna kusan 7,500 aka kwashe, da bayani fetabait 75, watau gigabait miliyan 75, abin da zai cika wayar hannu mai gigabait 64 fiye da miliyan ɗaya. Aka mai da su cikin rumbunan da kamfanin ya gina da kansa, waɗanda inji ke yi wa yawancin hidimar yau da kullum. Suka ce hidimar kulawa ta ragu da kashi 70 cikin ɗari. Mutumin da ya shekara goma sha biyar bai san komai ba sai Oracle, wannan labari ba mai daɗi ba ne gare shi. Kamfanin ya ce ya sake horar da ma'ajansa, suka koma masu kwashe rumbu daga tsohon gida zuwa sabo da masu ba da shawara. Mu dai abin da muka fahimta shi ne, aikin leburanci na sana'ar, irin su ƙara faifai da ɗaukar nusha da hannu, inji yana cinye shi. Aikin hankali kuwa, watau tsara jadawali, da gano dalilin nauyi, da yanke hukuncin wa zai ga me, yana nan yana neman mutum. Wanda ya koyi asali zai sauya kayan aiki ya ci gaba, wanda ya haddace maɓallan kamfani ɗaya kawai zai tsufa tare da su.

Ladan aikin ba laifi. Ofishin ƙididdigar ƙwadago na Amurka ya nuna matsakaicin albashin masu wannan sana'a a can, a 2023, ya ɗara dala 100,000 kaɗan a shekara. Kada wannan ya ruɗi kowa, albashin can ne, da haraji da kuɗin hayar can. A Nijeriya akwai kantunan intanet irin su Jumia da Konga, duka an kafa su a Ikko a 2012, ga bankuna da kamfanonin waya, kowannensu yana da rumbu, amma awonsu dabam ne. Wahalarsa kuma a faɗe ta: ana yin kwanan tsaro bi da bi, wanda yake kan layi wayarsa ba ta mutuwa, ko ranar Salla ce. In komai yana tafiya daidai ba mai tunawa da shi, ran da kanti ya tsaya kuwa kowa ya san sunansa.

Sa'an nan ga amana. Annabi Yusufu, alaihis salamu, da ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar, siffa biyu ya ambata, tsaro da sani. Ma'ajin bayanai yana iya ganin sunan kowa, da gidansa, da lambar wayarsa, da abin da ya saya a ɓoye bai so maƙwabci ya sani ba. Saboda haka kamfanonin kirki ba su ba mutum ɗaya dukan mabuɗai, kuma duk abin da ya buɗa ana rubutawa a inda ba shi da ikon gogewa. Hukuma ma ta shigo: ƙasashen Turai sun fara aiki da dokarsu ta kare bayanan mutane a 2018, Nijeriya ta yi tata a 2023. Yaron da aka san shi da leƙen wasiƙar mutane ko sakin baki, wannan ba wurinsa ba ne, komai kaifin kansa.

Hanyar shiga ba ta da tsada kamar yadda ake zato. Yawanci ana fara wa da karatun ilmin kwamfuta, amma abin da ake dubawa ran ɗauka shi ne hannu. Akwai rumbuna biyu sanannu, PostgreSQL da MySQL, kyauta ake samunsu, yaro yana iya sa su a ƙaramar kwamfutarsa. Ya ƙware a SQL, ya saba da Linux, in hali ya yi ya nemi shahadar jarrabawa ta ɗaya daga manyan kamfanonin. Ba a damƙa wa sabon shiga rumbun ainihi, sai ya yi shekaru a ƙarƙashin wani, kamar yadda yaron kanti yake fara wa da ɗaukar kaya kafin a bar masa aljihun tebur.

Attajirin da ɗansa ya zo masa da wannan magana yana da hanyar gwada shi ba tare da ya san Turanci ba. Ya ba shi littafin bashi na shekara ɗaya ya ce ya zuba a rumbu. In ya gama, ya tambaye shi wa aka fi bi, wane kaya ne ya fi daɗewa a sito, a kwatanta amsarsa da ta akawu. Bayan mako guda ya sa shi ya share rumbun duka a gabansa, kana ya ce ya mayar da shi daga nusha, a sake kwatantawa da littafin takarda, layi bayan layi.