Ƙarar da ta biyo sabuwar roba

Motar Toyota Land Cruiser ce, jerin 60 da aka fara ƙerawa a 1980, mai injin fetur 2F, silinda shida, lita 4.2. Mai ita wani dattijo ne a Katsina da ya ƙi rabuwa da ita. Da ƙofofinta suka fara cijewa wurin rufewa, aka ce masa robobin da bodi ke zaune a kansu sun mutu. Ya sa aka canja su duka. Ƙofofi suka gyaru, sai kuma ga baƙuwar ƙara: duk sanda ya taka totur a giya ta ɗaya, ko ya kama hawa, sai ya ji "ƙwas" a ƙarƙashin ƙafarsa. Idan mota ta miƙa a kan kwalta, shiru.

Ya kai ta wurin wani tsohon bakanike. Abin da kowa zai fara zargi shi ne farfela, don haka aka shiga rami aka girgiza ta gaba da baya. Ba ta wasa ko kaɗan. Aka duba salansa, tana rataye inda ya kamata. Sifirin lafiya lau. Wani yaron gareji ya ce a sauke giyabos kawai, maigidansa ya harare shi.

"Alhaji, kafin a taɓa robobin nan ka taɓa jin wannan ƙara?"

"Ko sau ɗaya, Malam."

A nan bakanike ya tsaya, domin maganar ba ta hau ba. Wannan mota gida biyu ce: inji da giyabos suna ɗaure da shasi, bodi kuma yana zaune a sama a kan robobinsa. Wanda ya saba da Peugeot 504 irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna yakan manta da haka, tunda ita bodinta da ƙashin bayanta abu ɗaya ne. To sabuwar roba ta fi tsohuwar da ta lotse kauri. Kamata ya yi bodi ya ɗan ɗaga, rata ta ƙaru tsakanin giyabos da daɓen mota. Me zai sa su fara gaisawa yanzu?

Ya aika aka sayo alli, ya shafe ramin da giyabos ke kwance a cikinsa ta ƙasan daɓe, suka zaga gari suka dawo. Alli ya goge a wuri ɗaya tak, daga sama, ya ɗan karkata dama, ƙarfen wurin har yana ƙyalli. An san inda ake bugu, saura dalili.

Sai ya ɗauko awo, ya bi mazaunan bodi ɗaya bayan ɗaya yana auna tsakanin shasi da bodi. Gaba da baya sun yi daidai. Na tsakiya a ɓangaren dama ya gaza ɗan'uwansa na hagu da kusan kaurin ɗan yatsa. Da aka haska tocila, sai ga tsohuwar walda a jikin ƙarfen da robar ke zama a kai: tsatsa ta taɓa cin sa, wani mai walda ya yi masa faci, ya zauna ƙasa da inda kamfani ya sa shi.

"Alhaji, tsofaffin robobin fa?"

Allah ya sa dattijon ba ya yar da kaya. Suna cikin leda a bayan mota. Aka zazzage, sai ga washa uku masu kauri manne da ɗaya daga cikinsu. Mai waldar nan ne ya cike giɓin da su shekarun baya, wanda ya canja robobi kuwa ya ɗauka tarkace ne. Ni dai ban ga laifinsa sosai ba. Babu littafin da zai gaya masa suna wurin.

Amma bakanike bai saki jiki ba. Ko da bodi ya sauka, ai akwai sauran 'yar rata, kuma ƙarar ba ta zuwa sai an matsa wa inji. Ya buɗe bonet, ya sa aka ja birkin hannu aka danne na ƙafa, aka sa giya ta ɗaya, aka saki kuloci a hankali. Inji ya ɗaga kafaɗarsa ta hagu fiye da kima. Haka injin irin wannan yake yi: yana juya farfela ta wannan gefe, shi kuma yana murɗawa ta wancan, robar inji ta hagu ce ke riƙe shi. Ita kuwa ta tsage tun tuni, nauyin inji ne ya rufe tsagar. Duk sanda ya ɗaga, giyabos ya karkata dama. Da can yana samun fili, yanzu daɓe ya sauko ya tare shi.

Aka sassauta notocin bodi, aka sa jak da katako aka ɗaga ɓangaren dama, aka mayar da washa, aka ɗaure notocin bi da bi ana gwada ƙofofi. Robar inji kuwa biyun aka canja tare, duk da Alhaji ya so a bar ta dama.