Ɗawainiyar Tsohuwar Motar Kwana

Motar kwana, wato wadda aka saka wa gado da murhu domin matafiyi ya kwana a cikinta, ta fara karɓuwa a Jamus tun 1951, lokacin da kamfanin Westfalia ya soma gyara motocin Volkswagen don wannan aiki. Mai sayen tsohuwar Volkswagen irin wannan a yau yakan tarar cewa kuɗin saye somin-taɓi ne, domin injinta na baya iska ce ke sanyaya shi maimakon ruwa, shi ya sa yakan ɗau zafi a hawan tudu. Abin da ya fi cin aljihu kuwa tsatsa ce, wadda ke ɓuya ƙarƙashin robar tagogi tana cinye ƙarfe har fenti ya kumbura, kuma sai ƙwararren mai walda ke iya magance ta.