Ƙudan da ya ciji saniyarka, tsando ne kuwa?

Ka kai shanu shan ruwa bakin rafi, sai ga wani ƙuda ya sauka a kan saniya ya ɗirka mata cizo. Kafin hankalinka ya tashi, tsaya ka dube shi da kyau. Ba kowane ƙuda mai cizo ba ne tsando, amma idan shi ne, to akwai abin damuwa, domin shi ke yaɗa cutar sammore ga dabbobi da ciwon barci ga mutane.

Fara da yadda yake zama. Idan tsando ya sauka, yakan ɗora fiffike ɗaya a kan ɗaya su rufe bayansa ruf, kamar almakashin da aka rufe. Ƙudan gida kuwa fikafikansa a ɗan buɗe suke. Girmansa daga milimita 6 zuwa 14, launinsa ƙasa-ƙasa.

Sai baki. Na tsando miƙe yake gaba kamar allura. Amma fa nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, don akwai wani ƙudan garke, wanda masana ke kira Stomoxys, shi ma da irin wannan bakin, kuma cizonsa da zafi. Sai dai shi ba ya rufe fikafikansa.

Shaidar da ba ta ƙarya tana cikin fiffike. Idan ka kama shi, ɗaga fiffiken wajen haske. Za ka ga jijiyoyi sun raba shi gida-gida, kuma a tsakiya akwai gida ɗaya mai siffar gatari. Ka ga wannan gatarin? To tsando ne, babu tantama. Da gilashin ƙara girma abin ya fi fitowa, amma mai kaifin ido ma zai hango shi.

Tsandon ma iri-iri ne. A arewacin Najeriya akwai masu bin kurmin bakin ruwa, irin su Glossina tachinoides da palpalis, akwai kuma morsitans mai son daji, wanda ake samu a wurare irin Yankari. Dubi ƙafafun baya: a na bakin ruwa galibi duk gaɓoɓin ƙarshen ƙafar baƙaƙe ne, a na daji kuwa biyun ƙarshe kaɗai. Wannan bambancin ne ke nuna wa ma'aikatan dabbobi inda za su kafa tarkonsu na shuɗin ƙyalle, don haka kada ka murƙushe ƙudan. Sa shi a ƙaramar kwalba ka kai musu.