TANDA: JARIN MAI TOYA WAINA

A ƙauyukan Dawakin Tofa, Bichi, Minjibir da Ɗambatta, da wuya a sami unguwar da ba a jin ƙamshin waina da sassafe. Matan aure da yawa da wannan sana'a suke sayen sabulu da omo, su yi zubin adashe, har su tara kayan ɗakin 'ya'yansu. Babban jarin wannan sana'a kuwa shi ne tanda.

Tanda wani kasko ne mai ƙananan gurabu. Magina tukwane ne ke gina ta da yumɓu su gasa, akwai kuma ta ƙarfe. A kowane gurbi ana ɗiga man gyaɗa, a zuba ludayi ɗaya na ƙullun shinkafa, ko gero, ko masara. Idan ƙasan ya yi ja sai a juya. Wasu su ce waina, wasu su ce masa. Ana cin ta da miyar taushe, ko ƙuli-ƙuli, ko zuma.

Me ya sa ake yi mata gurabu? Da farko, ƙullu ruwa-ruwa ne, gurbin ne ke riƙe shi har ya ƙame. Na biyu, ƙullun da ya kwana ya yi tsami yana ɗauke da iska, a cikin gurbi sai ya kumbura sama maimakon ya baje. Na uku, gurbi awo ne: kowace waina daidai take da 'yar'uwarta, babu gardama da mai saye. Lissafi ma ya zo da sauƙi. Tanda mai gurbi 9, idan aka cika ta sau 10, an toya waina 90 ke nan. Wadda ta san wannan za ta gane ko kwanon shinkafar da ta jiƙa ya fitar da kuɗinsa.

Tandar ƙasa ba ta saurin ɗaukar zafi, amma idan ta ɗauka tana riƙewa. Saboda haka cikin waina ke nuna kafin bayanta ya ƙone, ko da wutar kara ce mai tashi ta faɗi. Ta ƙarfe ba ta fashewa, sai dai tana son a rage mata wuta.

Sabuwar tanda ba a fara sana'a da ita nan take. Sai a shafe gurabun da mai, a ɗora ta a wuta kaɗan-kaɗan har ta sha, in ba haka ba ƙullu zai kama, a yi asara. Kada a zuba mata ruwan sanyi tana da zafi, domin tsagewa za ta yi. Bayan an gama, a bari ta huce, a goge ta da tsumma mai tsabta, a kife ta inda awaki da yara ba za su taka ba.

Tandar da aka kula da ita takan yi shekaru tana ciyar da gida.