Mai keke da mai ƙafa

Ɗan uwa mai keke, yau da kai muke magana.

A birane kamar Yamai, a gefen wasu hanyoyin kwalta an yi wuri mai ɗan tudu, kamar dakali. Wannan wuri na masu tafiya da ƙafa ne. Dubi gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970. Gefenta ba faɗi. Nan mata masu kaya a kai suke bi, da ƴan lakkol, da makaho da ɗan jagoransa. In ka hau can da keke, ina za su kauce? Ga ƙarfen gada, ga motoci.

Za ka ce tsoron mota ya kai ka. Gaskiya ne, mota abin tsoro ce. Amma yadda kake tsoronta, haka tsohuwa take tsoron kekenka. Keke ba ya ƙara. Ba ta jin zuwanka sai ka iso.

Mu yi lissafi. Keke mai gudun kilomita 18 a awa yana cin mita 5 a daƙiƙa ɗaya. Yaro ya fito daga gida a guje. Kafin hannunka ya matse birki, ka ci mita 5 ɗin nan. Yaro kuwa zai tashi. Amma tsoho, in ƙashin kwankwasonsa ya karye, sau da yawa ya daɗe kwance ke nan.

A Nijar hannun dama ake bi. Ka riƙe damanka, bisa hanya. Ka gyara birki da ƙararrawa, ka sa fitila da dare. In hanya ta cushe har ka tsorata, ka sauka, ka tura kekenka da hannu cikin mutane.