BABUR YA GAJI JAKI: YADDA MANOMI ZAI KULA DA SHI A GIDA

A ƙauyuka da yawa na Arewa ƙaramin babur ya karɓe aikin da jaki ya saba yi. Shi ke kai taki gona, shi ke kwaso amfani, shi ke kai tumatir da albasa kasuwa tun ba su lalace ba, in kuma haihuwa ta zo da gardama cikin dare shi ne motar asibiti. Amma fa jaki in an matsa masa yakan turje, ya kwanta, mai shi ya gane ya yi masa yawa. Babur ba ya turjewa. Haka zai yi ta ja har ran da zai tsaya cak a tsakiyar hanya, sau da yawa kuwa ranar kasuwa ce, ga kaya a ɗaure. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin hawa ya yi tsada ƙwarai, saboda haka babur mai shan mai fiye da kima ya zama ɓarawo a cikin gida.

Akwai wani labari da ya kamata kowane mai babur ya sani. A cikin 1974 kamfanin Honda na ƙasar Japan ya aiki ma'aikatansa su zaga waɗansu ƙasashe na Asiya, kamar su Tailan da Indunusiya da Pakistan, su gano abin da ke kashe baburansu da wuri. Abin da suka tarar ya ba su mamaki. Ana ta hawa da baƙin mai har ya yi kauri kamar kwalta, abin tace iska ya toshe da ƙura ya zama kamar bangon ƙasa, sarƙa ta saki har ba sauran wurin ɗaurewa, ga mutum da iyalinsa duk a kan babur guda. Da suka koma gida sai suka ƙera CG125, wanda ya fito a 1975, aka yi masa inji mai jure wahala da soson tace iska wanda ake iya wankewa. Da yawa daga cikin babura masu araha da ake kawowa daga ƙasar Sin kwaikwayon wannan injin ne. Cututtukan nan da aka gani a Asiya kuwa su ne dai ke kashe babur a karkarar Kano da Katsina da Maraɗi, kuma ba wanda ya fi ƙarfin manomi mai sifana biyu uku da sukudireba da filaya.

Ƙura ita ce babbar abokiyar gāba, balle da hunturu. Inji yana shaƙar iska mai yawa ya gauraya ta da fetur, in ƙura ta bi ta shiga sai ta haɗu da mai ta riƙa cin fistan da ringi kamar yadda dutsen wasa wuƙa ke cin ƙarfe. Soson da ke cikin akwatin iska shi ke tare ta. A ciro shi, a wanke da kananzir, a matse shi a tafin hannu ba tare da murɗawa ba don kada ya yage, a bar shi ya bushe, sa'an nan a jiƙa shi da sabon man inji kaɗan a sake matsewa. Man nan shi ke kama ƙurar. Busasshen soso rabin aiki yake yi. In na takarda ne ba a wanke shi, sai a kakkaɓe, in ya toshe a sayi wani. Waɗansu in sun ga babur ya rage gudu sai su cire soson su yar, su ce ga shi ya buɗe. Lalle zai buɗe na 'yan makonni, daga nan sai hayaƙi, sai kuɗin sauke inji, wanda ya ninka na soso sau da yawa.

Fulogi shi ne mai ba da labarin abin da ke faruwa a ciki. In an kwance shi aka ga bakinsa ya yi ruwan ƙasa-ƙasa kamar soyayyar gyaɗa, to lafiya lau. In ya yi baƙi da kunkunniya, fetur ya yi yawa, ko soso ya toshe ko kafireta na son sāiti. In ya yi fari fat, fetur ya yi kaɗan, inji yana ɗaukar zafi, wannan kuwa ya fi haɗari. In baƙin mai ne ya jiƙa shi a inji mai bawul, ringi ya ci, magana ta koma wurin makaniki. Tazarar bakin fulogi a irin CG125 milimita 0.6 ce zuwa 0.7.

Baƙin man da waɗannan ƙananan injuna ke ɗauka bai wuce wajen lita guda ba, kuma iska ce kaɗai ke sanyaya su, saboda haka man yana wahala. Mai bin hanyar ƙura da kaya gara ya juye shi duk bayan kilomita 1,000. A juye tun inji na da ɗumi don dattin ya biyo. A CG125 da ire-irensa akwai wata 'yar raga a bayan murfin da ke ƙasan inji ta hagu, a wanke ta kafin a mayar. Babur irin su Jincheng AX100 kuwa, mai ƙona mai tare da fetur, yana da tankin mansa dabam, in ya ƙafe inji zai kama nan take. Tsohon man da aka juye kada a zuba shi a gona ko kusa da rijiya. Al'adar nan ta shafa wa shanu da awaki shi don kaska ko gyambo ita ma ba ta da kyau, domin akwai guba a cikinsa, dabba kuwa tana lasar jikinta.

Sarƙa a duba ta mutum yana zaune a kan babur, gama nauyi yana ƙara mata tsauri. In an taɓa tsakiyarta ta yi wasa sama da ƙasa kamar santimita 2 zuwa 3, ta yi daidai. A ja notocin gefe biyu daidai wa daida, a bi alamun da ke jikin ƙarfen, in ba haka ba ƙafar baya za ta karkace ta cinye taya. Bayan an ja sarƙa a sake duba birkin baya, domin ƙafar ta matsa. In haƙoran faifan da sarƙa ke hawa sun yi tsini sun lanƙwashe kamar ƙaya, a canja faifan gaba da na baya da sarƙar gaba ɗaya. Sabuwar sarƙa a kan tsofaffin haƙora ba ta daɗewa.

To, sai maganar sāke wa babur fasali, inda nan ne manoma suka fi nuna dabara, nan ne kuma suka fi yin ɓarna. Akwai canji guda mai amfani sosai ga mai jan kaya cikin yashi ko taɓo. In faifan gaba mai haƙori 15 ne, na baya 39, aka sa mai 14 a gaba, ƙarfin ja zai ƙaru da kamar kashi 7 cikin 100, gudu kuma ya ragu da kamar haka. Kuloc zai huta, tashi da kaya ya yi sauƙi. Manomin da hanyarsa daga gona zuwa kasuwa ce bai yi asarar kome ba, sai dai in zai yi doguwar tafiya a kan kwalta inji zai riƙa kuka fiye da dā, ya ɗan ƙara shan mai.

Kariya ita ce abin da kowa ke kai wa mai walda. Ƙarfafa ta ba laifi, amma tsawaita ta can baya ya wuce tsakiyar ƙafar baya kuskure ne. Nauyin da ya zauna a nan yakan ɗage ƙafar gaba, kan babur ya riƙa rawa, in an shiga rami sai ya ƙwace. Masu jakuna sun riga sun warware wannan tun tuni da mangala: kaya a raba biyu, a rataya gefe da gefe, a yi ƙasa da shi. Wanda ya sa aka yi masa ƙarfe mai riƙe buhu ko jarka a kowane gefe, nesa da salansa mai zafi, ya fi wanda ya jibga buhu bisa buhu. Kafin a kunna walda a sauke tankin fetur a kai shi nesa, a cire batir da wayar akwatin wuta, kuma kada a huda ko a ƙona ƙashin bayan babur ɗin, domin inda aka ƙona nan yake tsagewa.

Waɗansu sukan ƙara shakazoba biyu a baya su zama huɗu, su ce yanzu kome aka ɗora zai ɗauka. Babur ɗin dai ba zai durƙusa ba, amma birkinsa bai ƙaru ba, tayarsa da wayoyin ƙafarsa suna nan yadda suke. Nauyin da masu ƙera irin waɗannan babura suka yarda a ɗora bai kai kilo 200 ba, har da mahayi. Mutum mai kilo 65 da buhun masara biyu masu kilo 100 kowanne ya kai 265. Buhun takin zamani biyu masu kilo 50 da mahayi kuwa ba su kai kilo 200 ba. Sawu biyu ya fi araha bisa ga karayar ƙafa ana tsakiyar girbi, lokacin da babu mai tsaya wa manomi a gonarsa.

Fasa salansa don ƙara, wanda samari ke so, ba ya ƙara ƙarfi a ƙaramin inji. Yakan rikita sāitin kafireta, ya firgita shanun noma a hanya. Sāitin bawul kuwa ana iya koyonsa, amma karon farko a zauna kusa da makaniki a gani. Ana yinsa inji na da sanyi, a CG125 tazarar milimita 0.08 ce, da ɗan sirin ƙarfen awo ake gwada ta, ba da ido ba.

Wurin aikin ma abin lura ne. A yi shi a fili, a shimfiɗa buhu a jera notoci bi da bi yadda aka kwance su, don kada su ɓace cikin ƙasa ko yara su kwashe. Fetur da kananzir a nisanta su da murhu da rumbu da tarin kara. Kada kuma a bar inji yana aiki cikin zaure ko ɗaki a rufe, domin a cikin hayaƙinsa akwai wata iska marar wari wadda kan sumar da mutum tun bai farga ba.